Gurbin da Yaya Sanusi Ya Bari

Juma'a, 23 ga Agusta, 2024

Jiya aka yi sadakar arba'in ɗin Yaya Sanusi. Yau baƙi sun watse, an naɗe tabarmi, gidan ya yi mana yawa. Bayan sallar Juma'a na shiga ɗakin da muka mayar wurin ɗaukar waƙa, karon farko tun ranar da ya faɗi a gona. Katifu biyun da na jingina a bango don su shanye amo suna nan yadda na bar su. Hularsa tana rataye a kan sandar makirfo. Ban taɓa ta ba.

Na kunna laftof. Abu ɗaya ne a ciki, "Gayyar Tafoki, muryar Yaya". Minti bakwai. Muryarsa ce ita kaɗai, ba kalangu, ba amshi. Ya yi baiti ya yi shiru, ya yi baiti ya yi shiru. Na kai minti biyu na rufe.

Lahadi, 25 ga Agusta

Na buɗe shago. Na tura wa mutum uku waƙoƙi a waya, na gyara wa wata mata cajar da ba abin da ya same ta. Duk wanda ya shigo sai ya ce ya haƙuri. Na ce da godiya har bakina ya gaji.

Laraba, 28 ga Agusta

Bari in rubuta maganar nan, ko ta bar ni in sha iska.

Ƙungiyar ta Babanmu ce, ya rasu ya bar wa Yaya. Yaya ne jagora. Baba Barau na Sabuwa, abokin Babanmu, shi ne mai kalangu. Mas'ud da Hadi na Ƙanƙara su ne 'yan amshi. Ni ina bayan amfilifaya ina murɗa abubuwa, yau shekara takwas ke nan, tun abin da ya faru a Pauwa. Da hanya ta lalace, kiran biki ya ja baya. Ba mai son ya gayyato makaɗa daga nesa a tare su a daji saboda bikin 'yarsa. Ni na kawo shawarar mu ɗauki waƙoƙinmu a gida a nan Faskari, in riƙa tura wa mutane a waya.

A watan Mayu muka je Funtuwa, shagon Abdulganiyu mai kayan sauti. Kuɗin da ke hannunmu na abu ɗaya ne, ba biyu ba. Ya ajiye mana su a kan tebur. Ga miksa, tsohuwar hannu, mai baki huɗu: kowa ya soka makirfonsa, a yi waƙa tare, ta haɗa muryoyin ta miƙa wa kwamfuta a dunƙule, in an yi kuskure sai a sake daga farko. Ga saun-kad, sabon ɗan akwati ja mai baki biyu: a ɗauki mutum ɗaya yau, wani gobe, kowa da layinsa, tas, ba ko shuu, in gyara yadda nake so.

Yaya ya ɗora hannu a kan miksar. Ya ce, "Jabiru, mu ba mu iya waƙa ɗai-ɗai ba."

Na ce masa zamani ya wuce nan. Na ce yaushe za mu tara mutum biyar daga gari uku a wannan hali? Na kawo masa maganar turawan da nake kallo a waya, kamar su suka yi mini wankan jariri. Har na ce, a gaban mai shago, "Yaya, kai ka san waƙa, ni na san na'ura." Ya janye hannunsa. Ya ce to.

Wannan "to" ɗin ce ke hana ni cin abinci.

Ranar da na ɗauke shi, na sa masa abin kunne, na kunna masa ɗan ƙwas-ƙwas ɗin kwamfuta mai ƙirga kiɗa. Ya ce in kashe, shi ba agogo ba ne. Ya yi waƙar sau ɗaya. Rabinta ma ba na ɗakin, ina can bayan gida ina lallashin janareto. Da na dawo ya cire abin kunnen ya ce, "Na ji ni kamar ladan a ƙauyen da aka tashi." Na yi dariya. Na ce kada ya damu, bayan damina kowa zai zo ya cike nasa, har shi ma ya sake in yana so. Sati uku bayan nan muka kai shi makabarta.

Litinin, 2 ga Satumba

Anti Hajaratu, matar Yaya, ta aiko a kira ni. Tana takaba, ta bayan labule muka yi magana. Ta ce za ta fita ranar sha tara ga Nuwamba, washegari 'yan'uwanta za su zo su tafi da ita Daudawa.

"Waƙar da ka kulle mani miji a ɗaki da katihu ya yi, ina take?"

Na ce tana nan, ba ta cika ba.

"To ka cika ta kahin in bar gidan nan. A nan ya yi ta, a nan nike so in ji ta. Ban roƙe ka komi ba tun da na zo gidanku, injiniyan banza."

Ta so ta yi mini irin tsokanar da ta saba, muryar ta ƙi. Na ce in sha Allahu.

Asabar, 7 ga Satumba

Na yi aiki yau. Tunda Yaya ya ƙi ƙwas-ƙwas, shirun da ya bari tsakanin baitoci ba su daidaita ba. Wani daƙiƙa huɗu, wani shida da rabi, wani can wajen ƙarshe har sha tara. Haka ba wanda zai iya bi. Na yanyanke su duka na mayar da su tsayi ɗaya, suka hau layin kwamfuta cif. Dogon na ƙarshe wurin da Baba Barau ke wasa da kalangu ne, na rage shi zuwa takwas, ya ishe shi.

Ban kunna sautin ba. Da ido na yi aikin. Inda layi ya yi tudu, murya ce, inda ya kwanta, shiru ne, in sa almakashi. Ba zan iya jin sa na awa uku ba.

Ya yi kyau a ido, wallahi.

Alhamis, 19 ga Satumba

Mas'ud da Hadi sun zo daga Ƙanƙara da motar safe. Na fara da Mas'ud. Na sa masa abin kunne, Yaya ya fara, sai Mas'ud ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula. Muka ba shi lokaci. Da ya tashi, sau tara muna yi. Ko ya shigo da wuri, ko Yaya ya hau kansa kafin ya ƙarasa. Hadi ya fi shi lalacewa, shi da ba ya amshi sai yana kallon kafaɗar Mas'ud.

Mas'ud ya ce, "Kamar yana sauri. Yaya bai taɓa kora ta haka ba."

Na ce su ne ba su saba ba. Na ɗaga murya ma. Hadi da bakinsa ba ya shiru ya ce, "Mai koya mana waƙa, ka zo ka yi mana mu gani, ko har yanzu tuwon Pauwa kake jin ƙanshi?" Mas'ud ya taka masa ƙafa. Suka kama hanya kafin la'asar, ba mu ɗauki komai ba.

Juma'a, 20 ga Satumba

Pauwa. Ban taɓa rubuta ta ba.

A "Gayyar Tafoki" akwai baitin da Babanmu ya ba ni tun ina saurayi. Jagora ya tambaya wa zai ɗauki kuyya ta ƙarshe, wato kunyar da ta rage a gona, sai ƙanen mai gona ya amsa shi kaɗai. Ranar nan a bikin Pauwa, fili cike, Yaya ya yi tambayar, na buɗe baki, baitin ya gudu. Na tsaya da makirfo kamar an dasa ni. Yaya ya juyo ya ce a lasifika, "Ku yi mashi haƙuri, ƙanshin tuwo ya ji." Fili ya ɗauka da dariya, har matan da ke kan katanga. Na ajiye makirfon, ban sake ɗauka ba.

Bai taɓa ba ni haƙuri ba. Ban taɓa ce masa ya yi mini ciwo ba. Aka cire baitin, Baba Barau ya riƙa cike wurin da kalangu, muka ci gaba da cin tuwo a kwano ɗaya shekara takwas.

Talata, 1 ga Oktoba

Sabuwa. Na ɗauki laftof da saun-kad a jaka na bi ayarin motocin kasuwa. Na samu Baba Barau a zaure yana gyaran tsirkiyar kalangu. Ya tsufa a wata biyun nan. Na miƙa masa abin kunne, ya jujjuya shi ya ajiye a kan buzu.

"Kalangu ba ya bin abin da ke cikin kunne, ɗana. Numfashin mutum yake bi. Kunna mani a fili."

Na kunna a fili. Ya saurara ido rufe, kalangu a hammata, bai buga ko sau ɗaya ba. Wajen minti uku ya ɗaga hannu.

"Wanga muryar Sanusi ce, amma ba Sanusi ba ne. Wa ya taɓa ta?"

Na ce na ɗan daidaita.

"Mi ka daidaita? Bayan baiti na biyu yakan jira Hadi, don Hadi na jinkirin shiga amshi. Bayan na huɗu ba ya jira, don Mas'ud na riga shi. Kowane shiru da ka gani, wurin zaman wani ne, ya auna shi da mai shi. Ka shiga gida ka iske an shimfiɗa wa kowa tabarma daidai tsawonshi, ka bi ka yanke su tsayi guda."

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

Ya ce in ina da ta asali, in nemo abin da zai tara su ɗaki ɗaya, a saki muryar a fili su amsa mata tare. In ba haka ba, kada in sake wahalar da kaina a hanya.

Laraba, 2 ga Oktoba

Ta asalin tana nan. Yaya ne ya sa na tura masa a wayarsa ranar da muka ɗauka, wai zai ji a gona. Anti ta miƙo mini wayar ta ƙarƙashin labule, a naɗe cikin ɗankwali. Da ba don shi ba, da na hallaka ta da hannuna.

Litinin, 14 ga Oktoba

Funtuwa. Abdulganiyu ya yi mini ta'aziyya, sannan ya tambayi yadda saun-kad yake. Na ce lafiyarsa ƙalau, ni ne ba lafiya. Miksar da Yaya ya ɗora wa hannu an saye ta tuni. Na yi ta kallon gurbinta a kan kantar shagon.

Ya fito da uku. Wannan karon ban yi masa lacca ba, na gwada kowace da kunnena. Ta farko mai fitilu kamar motar amarya, ana ɗaga murya sai ta kama shuu. Ta biyu ba ta da wutar da makirfon Yaya ke bukata, kuma ba ta shiga kwamfuta kai tsaye. Ta uku tsohuwa ce, fentinta ya goge, maɓalli ɗaya an ɗaure shi da salatif, amma shiru take kamar rijiya, kuma tana aiki da batirin sola, ba sai na tada janareto ya shiga cikin waƙa ba. Baki huɗu.

Ya ce akwai 'yar'uwarta mai baki shida, in ƙara kaɗan in huta. Na ƙirga masa da yatsa: wayar Yaya, kalangu, Mas'ud, Hadi. Huɗu. Ya ce, "Kai fa?" Na ce ni mai murɗawa ne.

Na rungumo ta a cinya har Faskari. Abin da Yaya ya ce a saya ke nan tun watan Mayu.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Yau aka sa za a taru a ɗauki waƙar, ba a zo ba. Hanyar Sabuwa ba daɗi tun Alhamis, Baba Barau ya ce ba direban da zai tashi. Mas'ud kuma yana yankan dawa. Saura sati uku da kwana biyu.

Na share ɗakin. Na fitar da katifun.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Sun zo, su ukun. Ban san ta inda zan fara ba.

Da hantsi muka zauna. Na soka wayar Yaya a baki na ɗaya, na fitar da muryar ta ƙaramar lasifika, na ɗora ta a kan kujerarsa. Baba Barau ya ce a juyo ta ta fuskance su. Anti ta sa aka ɗage labulen ɗakinta. Na ɗaga baki na ɗaya sosai don kada kalangu ya danne shi.

Yaya ya fara. Kalangu ya shiga ƙarƙashinsa kamar jiya suka rabu. Ya jira Hadi, Hadi ya iso. Mas'ud ya riga shi, Yaya ya ba shi hanya. Ba wanda ya kalli kwamfuta. Ni ina murɗa maɓalli.

Da na ɗaga sautin ne na fara jin wani abu a cikin shirun. Ashe ba shiru ba ne. Ƙasa-ƙasa, kamar mai lazimi, Yaya yana yin amshin da bakinsa, yana auna wa kowa wurinsa. Abin da ido ya nuna mini layi ne a kwance. Ɗan jan akwatin nan ya kama har wannan, ni ne ban saurara ba.

Aka zo dogon gurbin. Yaya ya tambaya wa zai ɗauki kuyya ta ƙarshe. Na kalli Baba Barau don ya shiga. Ya ɗora tafinsa a kan fatar kalangu, ya ƙi bugawa. A cikin shirun nan muka ji Yaya, can ƙasa, yana rera baitina. Kalma bayan kalma, har inda nake jan numfashi. Daƙiƙa sha tara.

Na kashe. Na ce Baba, wurinka ne, me ya sa ka tsaya?

"Ba nawa ba ne. Riƙo nike yi maka. Tun daren Pauwa ya ce mani, Baba, kada ka bari wurin yaron nan ya rufe, ka riƙa faɗin baitinshi da kalangu har ya dawo. Shekara takwas ina faɗi, kana zaune bayan na'ura ba ka ji ba. Yanzu mai ba ni riƙon ya tahi. Na sauke."

Na ce baki huɗu ne da miksar. Na ce wa zai riƙe maɓallan? Na ce muryata ta mutu. Ban san me kuma na ce ba. Na fita na bar su, na zauna a bayan gida kusa da janareton da ba a kunna ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Baba Barau ya ce zai zauna wurin 'yarsa a nan Faskari har sati, daga nan zai koma, ko an yi ko ba a yi ba.

Da Yaya ya ce mini yi haƙuri sau ɗaya, da baki, kamar kowa. Mutum ya zauna shekara takwas yana ba ka haƙuri da kalangun wani. Ina jin haushinsa, kuma ba inda zan kai.

Talata, 12 ga Nuwamba

Anti ta bayan labule: "Na ji an ce bakin na'ura ne bai kai ba. Nata ko naka?"

Na wuce shago.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Na je Funtuwa sayen gilashin waya na shago. Tunda na je, na biya wurin Abdulganiyu. Na ba shi mai baki huɗu da saun-kad, ya ba ni mai baki shida. Don gaba ne, ko wata rana za a ƙara mai kuntigi. Bai tambaye ni komai ba, ya dai ƙara mini igiyar makirfo ɗaya kyauta.

Na ji zafin rabuwa da jan akwatin. Shi ya raba ni da Yaya a ɗakin nan, shi kuma ya ajiye mini shi.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

An ɗauka. Sau ɗaya.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Anti ta tafi da hantsi. Jiya da ta fita takaba ta shigo ɗakin da kanta, ta zauna a kujerar Yaya, ta ji waƙar daga farko har ƙarshe, sau biyu. Ba ta yi kuka ba sai a na biyun. Da za ta shiga mota na ba ta waƙar a ɗan katin memori. Ta ƙulle shi a bakin mayafi ta ce, "Ashe injiniyan banza na da murya." Wannan karon tsokanar ta fito.

Aikin ba shi da tsabta. Akwai akuyar maƙwabta a minti na uku. Kalangu ya ɗan hau kan Hadi. Na saita maɓallan na bar su ba mai tsaro, don haka baki na biyar ya yi ƙarfi, kuma muryar da ke cikinsa ta yi rawa a farkon baitin, kowa zai ji. A ƙarƙashinta, in mutum ya kasa kunne, akwai wata tana rakiyarta ƙasa-ƙasa har ƙarshe. Miksa ta haɗa su, ba a iya raba su. Na duba, ba a iyawa.

Mas'ud ya bugo, wai ana neman mu a wani biki a Pauwa bayan an gama girbi, da rana, a tashi kafin la'asar. Na ce masa shago ya yi mini yawa, zan dai duba. Na nuna wa Hadi yadda ake murɗa amfilifaya, don kawai ya iya, ilimi ne.

Hular tana nan a kan sandar makirfo. Na ɗan rage tsayin sandar. Yaya ya fi ni tsawo.